Takardar Bappa Zuwa ga Likitan Shanu

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, Bappa ya riga ya tsufa a sana'ar fatoma a Inugu, can bayan Coal Camp inda mutanenmu suka yi zango. Aikin fatoma ba ɓoyayye ba ne. Falke ya zo daga Arewa da shanunsa, ka ba shi ɗaki da tuwo, ka tsare masa dabbobi, ka nemo masa mahautan da ba za su cinye masa dukiya ba. Jarin mai wannan sana'a ɗaya ne, a ce da shi mai amana. Bappa yana da wannan jari, kuma kusan shi kaɗai ya rage masa, domin manyan baƙinsa sun tsufa ko sun mutu, 'ya'yansu kuwa sun fi son gidan wani fatoma, Dogara, wanda ya yi rufin kwano ya kuma ajiye rediyo a zaure.

Babban baƙo ɗaya ne bai juya masa baya ba, wato Yero, ɗan marigayi Bubayero na Gombe. Bubayero shi ne falken farko da ya taɓa shimfiɗa tabarma a gidan Bappa, tun gidan yana ɗaki biyu na jinka. Da ya rasu ɗansa ya ci gaba da sauka a nan, ko da yake Dogara ya sha aika masa da goro. Inda Yero ya sauka kuwa nan ƙananan fatake ke bi, don haka kowa a zango ya san cewa ranar da Yero ya sake masauki, Bappa ya tashi daga fatoma ya koma tsoho mai zaure.

A wannan shekara Yero ya koro shanunsa da wuri, damina tana ƙarewa, da niyyar su huta su yi ƙiba kafin Kirsimeti, lokacin da nama ke tsada a ƙasar Ibo. Bai daɗe da sauka ba aka bugo masa waya cewa mahaifiyarsa tana kwance. Ya shiga jirgin ƙasa a gurguje, ya bar wa Bappa magana ɗaya: kada a sayar da ko maraƙi sai ya dawo.

Mai kiwon shanun wani ɗan kora ne da ake kira Auta, wanda furfura ta cika masa gemu amma sunan bai sake shi ba. Shi ya fara lura. Shanun suna cin ciyawa a bakin rafin da ke gangaren dutse, amma ba ta zama a jikinsu. Gashi ya tashi, ido yana zubar da ruwa, wasu sun koma lasar ƙasa. Auta ya ce sammore ne, ƙudan tsandon rafin ne ya sa musu. Aka matsar da su tudu, aka jiƙa musu maɗaci da kanwa, aka yi musu hayaƙi, duk a banza. Daga nan Auta ya ce shi dai ya taɓa gani a Makurɗi malaman dabbobi suna yi wa wannan ciwo allura, saniyar da ta kwanta ta miƙe.

Bappa ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a ya tafi ofishin likitan dabbobi. Bai wuce baranda ba. Masinjan da ke bakin ƙofa ya dube shi daga rawani har takalmi ya ce, "Oga no dey see person like that. Go write am for paper." Wato ba a ganin maigida haka kawai, sai an rubuto a takarda. Wani akawu da ya ji Hausa ya yi masa ƙarin bayani, ya ce likita ɗaya ne ga lardi guda, kuma ba ya fita sai bisa abin da ya tarar a fayil. Wanda ya rubuto cewa abu ya yi tsanani shi ake fara zuwa wa. Bappa ya zauna a benci har rana ta take, yana tsammanin za a ga girmansa a kira shi. Ba wanda ya kira shi, ya tashi ya koma gida.

A zangonmu duk mai son takardar Turanci wurin Martina yake zuwa. 'Yar Nikodimu ce, mutumin Kagoro da ke aiki a tashar jirgi, kuma a gaban Bappa aka haife ta. Tana buga tafireta a ofishin wani kamfanin motoci, ranar Asabar da yamma kuwa sai ta fito da tsohon keken rubutun da ubanta ya saya mata a gwanjo, ta ɗora a tebur a barandar gidansu. Tana da ƙa'ida ɗaya wadda kowa ya sani. Za ta gyara maka magana, za ta sa mata riga da wando, amma ba za ta rubuta abin da bakinka bai faɗa ba, tunda kai za ka sa hannu.

Bappa ya jira har sauran masu takarda suka watse. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi kujerar ubanta, ta zura takarda a keke. Ta buga adireshinsa a sama ta dama, da kwanan wata, da adireshin likita ta hagu. Sannan ta ce, "To Baba, me za mu sa a kan magana? Layi ɗaya ne, wanda in ya gani zai san abin da ke ciki tun bai karanta ba."

Bappa ya ce ta sa gaisuwa.

Ta yi masa bayani a hankali cewa takardar ofis ba ta da zaure, daga ƙofa sai tsakar gida. Ana faɗin ko kai wane ne, a faɗi abin da ya faru, a faɗi abin da ake so a yi da ranar da ake so, a rufe. Ta ce ya bari ta rubuta cewa shanun da ke hannunsa sun kamu da sammore, suna ramewa, ana roƙon likita ya zo da allura cikin gaggawa. Ta ma buga masa a wata takarda don ya ga tsawonta.

Ya karɓa ya juya ta gaba da baya. Bai iya karatun boko ba, amma ya iya ganin fili, kuma filin da ya rage a takardar ya fi rubutun yawa. Ya ce ko baransa zai aika wa saƙo ba zai yi masa wannan tsiya ba, balle mutumin da gwamnati ta ba mota. Ina gaisuwa? Ina tambayar iyali? Mutum bai san ka ba, ba ka taɓa cin goronsa ba, ka faɗo masa da buƙata kamar mai bin bashi? Ya ce a sa gaisuwa ga likita da matarsa da 'ya'yansa, a yi masa barka da samun mulkin kai, a yi masa addu'ar ƙarin girma.

Martina ta ce wannan mai sauƙi ne, za ta matsa ta ba gaisuwa wuri. Amma ciwon fa?

Nan aka tsaya. Bappa ya ce ba za a ambaci ciwo ba, kuma ya kawo dalilansa, waɗanda in ka ji su a zaure ba za ka ce ba su da kai ba. Shanun ba nasa ba ne, amana ce, kuma ba a sa wa dukiyar wani mugun baki, balle a rubuce, inda maganar za ta zauna ba ta gogewa. Takarda kuma hannu nawa za ta bi kafin ta kai? Masinja zai gani, akawu zai gani, akawu yana da aboki a kwata, kafin la'asar mahauta sun ji cewa shanun Yero ba su da lafiya, ranar kasuwa su taya su da kuɗin akuya. Na uku, shi ne wanda ya fi ba shi ƙarfi, babba ba a yi masa umarni. Ana yi masa hannunka mai sanda ne. Ya ce a Gombe in ya aika wa malamin dabbobi da gaisuwa a rubuce, ya ce shanu suna nan lafiya sai abin da ba a rasa ba, kuma zai so malam ya biyo in ya sami hali, kafin gari ya waye mutumin ya ɗaura sirdi. Wa ke ɓata takarda da kan sarki don gaisuwa kawai?

"Baba," in ji Martina, "nan ba Gombe ba ne. Mutumin nan takarda ta fi ɗari a gabansa. In ya ga lafiya, lafiya zai karanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"'Yata, baki shi ke yanka wuya. Ke dai rubuta."

Suka yi ta ciniki kamar a kara. Ta nemi ya yarda a ce wasu daga ciki sun rame, ya ce rama ba ta rasa dabbar da ta yi tafiyar ƙasa, faɗinta ƙorafi ne. Ta nemi a sa rana, ya ce shi wane ne da zai yanka wa likita rana. Abu ɗaya ne suka daidaita a kansa ba jayayya, shi ma bai shafi shanu ba. Da ta fassara masa rufewar da aka saba a lokacin, wadda mai takarda ke kiran kansa bawa mai biyayya, ya ce a cire, shi ba bawan kowa ba ne sai Allah. Ta sa masa mai ƙaunarka da gaskiya, ya ce wannan ya yi.

Nikodimu yana daga ciki yana jin su. Da Bappa ya fita alwala sai uban ya leƙo ya ce wa 'yarsa ta ƙara layi ɗaya mana, tsohon ai ba zai gane ba. Ta ce in ta yi masa haka yau, gobe duk wanda ya zauna a kujerar nan sai ya nemi mai karanta masa abin da ta buga. Ni dai har yau ban yanke ba ko ta kyauta, amma na san ba ta yi barcin kirki ba a makon.

Da Bappa ya dawo ta karanta masa da Hausa, tun daga adireshi har ƙasa. Takarda ce mai kyau, ba kure ko ɗaya, gefe da gefe a daidaice. Ta ce Bappa fatoma na Coal Camp yana gaida likita da iyalinsa, yana taya shi murnar mulkin kai, yana sanar da shi cewa akwai shanun baƙonsa a hannunsa, suna nan lafiya cikin ikon Allah sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma zai yi farin ciki in likita ya sami sarari wata rana ya biyo ya sa musu albarka. Bappa ya gyaɗa kai a kowace gaɓa. Ya sa hannu da ajami, ya lashi ambulan da kansa, ya kai wa masinjan nan hannu da hannu.

Daga ranar ya sa aka riƙa share ƙofar gida kullum da safe, ya sa matarsa Rakiya ta riƙa ajiye fura mai kyau. Duk ƙarar motar da ta taso daga wajen kasuwar Ogbete sai ya gyara zama. Shanu kuwa ba su san an rubuta takarda ba. Wata farar saniya ta fara kwantawa, Auta ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Naman ya fito fari fat, ruwa-ruwa, ba kitse ko na shafa wa tukunya. Bayan ta sai wani bijimi, sai biyu a rana ɗaya.

Amsa ta zo ta gidan waya, cikin ambulan mai tambarin gwamnati. Bappa ya kai wa Martina da saurinsa, har ya manta sandarsa. Ta buɗe ta karanta a zuci, sannan ta fassara masa. Likitan, wani Mista Anozie, ya gode ƙwarai da gaisuwa da addu'a, ya mayar da irinsu. Ya ce ya ji daɗi da shanu suna lafiya, domin a wasu wurare ba haka ba ne, shi ya sa ma ba ya zama. Ya sa sunan Bappa a rangadin da zai yi bayan sabuwar shekara.

Bappa ya ce ta sake karantawa. Ta sake. Ya tambaya ko akwai wani abu a bayan takardar, ta juya ta nuna masa. Ya ce lallai yaron nan ba a yi masa tarbiyya ba, ya naɗe takardar ya tafi. Sai da ya ƙara kwanaki yana cewa wataƙila likitan ma nasa hannunka mai sandan ya yi, zai zo ba zato.

Asirin da ake tsoron akawu ya tona, ungulu ce ta tona shi. Mahauta suka ga inda take sauka, suka ga Auta yana shanya fatu a bayan gida fiye da yadda gidan fatoma ke yanka. Dogara da kansa ya zo jaje, da carbinsa da tawagarsa, ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, ya ce in ana buƙatar wani taimako ƙofarsa a buɗe take. Bappa ya raka shi har bakin hanya yana godiya. Da ya dawo bai shiga gida ba, ya zarce gidan Nikodimu, ko da yake ba Asabar ba ce.

Martina ta dawo daga aiki ke nan, ko takalmi ba ta cire ba. Ta fito da keke ba tare da ta tambaye shi komai ba. Bai zauna ba. Ya tsaya riƙe da ginshiƙin baranda, yana kallon titi, ya ce, "Rubuta. Shanun Yero ɗan Bubayero da ke hannuna suna mutuwa. Sammore ne. Na rasa yadda zan yi. Ina roƙonka ka zo gobe."

Ta buga kamar yadda ya faɗa. Ta tambaye shi ko a sa gaisuwa, ya ce ta sa in akwai wuri. Wajen sa hannu ya danna alƙalamin har ya huda takardar. Na san Bappa shekaru da yawa, na ga ranar da ya binne ɗansa, amma ban taɓa jin tausayinsa kamar yadda na ji a wannan yammaci ba.

Kashegari da sassafe aka kai takardar ofis, kafin hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Mista Anozie saurayi ne siriri da gajeren wando da doguwar safa, kuma ya iya Hausa daidai gwargwado, don a makarantar dabbobi ta Bom, can Arewa, ya yi karatu. Bai tsaya shan fura ba. Ya wuce wurin shanu, ya ɗaga fatar ido, ya ɗebi jini a kunne, ya sa ma'aikatansa suka dafa allurai a kan risho. Har azahar suna yi. Waɗanda ke tsaye ya ce za su tashi, waɗanda suka riga suka kwanta ya girgiza kai. Na kwancen sun fi rabi.

Da yana wanke hannu ya ce wa Bappa takardarsa ta farko tana nan a gidansa, ya kai wa matarsa ta gani, domin tunda ya fara aiki ba wanda ya taɓa gaishe shi a cikin fayil. Ya ce a makon da ta zo ya wuce ta Ogbete da maganin nan a bayan mota. Ba da faɗa ya yi maganar ba, mamaki ne ya ishe shi.

"Baba, don me ba ka faɗa ba?"

"Ai na faɗa," in ji Bappa.

Likitan ya dube shi, ya dubi Martina da ta nemi izini a wurin aiki ta zo tafinta, bai ga alamar wasa a fuskar kowa ba. Ya goge hannunsa, ya ce a hana shanun komawa rafi, ya shiga mota.

Yero ya dawo ana saura kaɗan Kirsimeti, bayan ya binne mahaifiyarsa. Ya je ya ga abin da ya rage na garkensa, ya ga tarin fatu, ya zauna da Auta a gindin mangwaro suka daɗe. Mu duka mun zaci za a ji murya, ba a ji ba. Ya ce wa Bappa abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, dukiya ai ta Allah ce. Ya gode masa da wahalar da ya sha, ya gode wa Rakiya, ya sake gode wa Bappa a tasha, godiya mai yawa, wadda ta fi ta kowace shekara. Bappa ya fi kowa a zango sanin irin wannan godiya, shi da ya kwashe rayuwarsa yana karanta abin da mutane ba su faɗa ba. Amma wannan karon ya ce yaron ɗan halak ne, ya gaji ubansa wajen haƙuri.

Da shekara ta zagayo labari ya zo cewa shanun Yero sun ƙetare Binuwai. Bappa ya sa aka yi wa ɗakin baƙi sabon daɓe, aka shafa farar ƙasa. Ya sayo sabuwar tabarma a kasuwar Ogbete. Ranar da za su shigo Rakiya ta yanka kaji, ta tuƙa tuwon shinkafa, shi kuma ya fito zaure tun da hantsi da babbar riga.

Wajen la'asar suka iso, 'yan kora a gaba, Yero a baya da sandarsa a kafaɗa. Da ya zo daidai ƙofar gidan ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Ya gaida Bappa, ya tambayi jikinsa, ya tambayi Inna Rakiya, ya tambayi yara da maƙwabta, har Nikodimu da 'yarsa. Bappa yana amsawa yana kallon shanun, waɗanda ba su tsaya ba, suna ta wucewa ɗaya bayan ɗaya zuwa hawan da ke kaiwa gidan Dogara, ƙananan fatake suna biye da kayansu a ka. Da gaisuwa ta ƙare Yero ya ce a yi masa addu'a. Bappa ya ɗaga hannu ya yi masa, suka shafa. Yero ya sa takalminsa ya bi bayan shanunsa.

Can Rakiya ta leƙo daga soro ta ce, "Malam, a kawo ruwan wanke hannu?"

Ya ce ta bari tukuna.